Wa Ke Kawo Suna Idan Ka Sa Lambar Akawun? Tarihin 'Yan Aiken Da Kwamfuta Ke Rubutawa Da Kanta



Yau babu "shiga nan, danna can". Tarihi za mu taɓa, amma irin wanda ya shafi aljihu, don haka a daure a karanta har ƙarshe.

Ka ɗauka kana Rawayau, ka yi cinikin taki ta waya da wani ɗan kasuwa a Dutsin-Ma, ya turo maka lambar akawun. Ka buɗe manhajar banki, ka rubuta lambobi 10, ka zaɓi bankinsa. Kafin ka gyara zama sunansa ya fito. To wayarka dai ba ta san mutumin nan ba. Bankinka ma bai san shi ba, tunda ba a can ya buɗe asusu ba. Abin da ya faru shi ne wayarka ta tambayi kwamfutar bankinka, ita kuma ta tambayi ta NIBSS da ke tsakanin bankuna, ta NIBSS ta tambayi ta bankin mutumin, sannan amsa ta biyo sawu ta dawo.

Kaso mai yawa na rubutun da ke haɗa irin waɗannan kwamfutoci, ba mutum ke zama ya rubuta shi layi-layi ba. Wata manhaja ce ke rubutawa. Kuma an fara haka kusan shekara 40 kafin a ji sunan ChatGPT.

INDA MATSALAR TAKE

Kowace manhaja tarin ƙananan ayyuka ce, wannan na kiran wancan. Wani ɓangare ya ce "duba min abin da ya rage a asusu kaza", wani ya duba ya ba shi amsa. Idan duka biyun suna cikin kwamfuta ɗaya, kamar ka leƙa ɗaki ne ka kira ƙanenka. Idan kuwa ɗayan yana wata kwamfuta a wani gari, magana ta zama ta wasiƙa.

Manyanmu sun san masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya. Kai ka faɗi buƙatarka da baki, shi ya tsara ta a takarda, ya sa adireshi. A can ma wani ya buɗe ya karanta wa mai ita, ya rubuta amsa. Haka kwamfuta take buƙatar marubuci a nan da mai karantawa a can. A wannan rubutun za mu kira su wakilai.

A da, injiniya da hannunsa yake rubuta wakilan nan biyu, ga kowane aiki. Kuma aikin akwai tarko. Misali, kwamfutocin IBM da na Sun suna ajiye lamba ta fara daga babban ɓangarenta, na Intel kuma daga ƙarami, kamar dai boko da ajami, wannan daga hagu wancan daga dama. Idan wakilin can bai san ta inda na nan ya faro ba, sai ya karanta wani adadi daban. Idan aka ƙara wani abu a gefe ɗaya aka manta ɗayan, shi ke nan an ɓata.

1984: LUPINE

A 1976 wani mai bincike a Amurka, James White, ya kawo shawarar a riƙa kiran aikin da ke wata kwamfuta kamar yadda ake kiran na gida. A 1981 Bruce Nelson ya yi digirinsa na uku a kan wannan a Jami'ar Carnegie Mellon, da sunan da har yau ake amfani da shi, RPC, wato kiran aiki daga nesa.

A 1984 shi da Andrew Birrell suka wallafa bayanin abin da suka gina a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya. Dabararsu mai sauƙin faɗi ce. Injiniya ya rubuta takarda ɗaya tak, ta yarjejeniya: ga sunayen ayyukan, ga abin da za a ba kowanne, ga abin da zai mayar. Sai wata manhaja mai suna Lupine ta karanta takardar, ta rubuta wakilin mai tambaya da wakilin mai amsa. Tunda daga tushe ɗaya suka fito, ba za su saɓa wa juna ba. Idan an canza yarjejeniya, a sake kunna Lupine ta fitar da sababbi.

Duk abin da za ka karanta a ƙasa, wannan dabarar ce ake ta sauya wa riga. Kamfanin Sun Microsystems ya fito da nasa a shekarun 1980, da manhajar rubuta wakilai mai suna rpcgen, wadda har gobe ana samunta a Linux.

1991: KOWA DA YARENSA

Da manyan kamfanoni suka cika da kwamfutoci, sai wata matsalar ta taso. Banki ɗaya zai iya samun tsohuwar manhajar lissafi da aka rubuta da yaren COBOL, ga sabuwa da aka rubuta da C++, kuma ana so su yi aiki tare. A 1989 wasu kamfanoni, ciki har da Sun da Hewlett-Packard, suka kafa ƙungiyar OMG, a 1991 ta fitar da tsarin CORBA. A nan ana rubuta yarjejeniyar da wani yare na tsakiya mai suna IDL, wanda ba na kowa ba ne. Daga takarda ɗaya sai a fitar da wakili mai jin C++ a wannan gefe, mai jin COBOL a wancan.

Bankuna da kamfanonin sadarwa sun yi amfani da CORBA sosai. Sai dai tana da nauyi da wuyar koyo, kuma fitowar farko ba ta fayyace yadda kayan kamfani kaza za su yi magana da na kamfani kaza ba, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka toshe wannan gurbi. Microsoft kuma ta ja nata layin da DCOM a 1996.

1994: GARGAƊIN DA BA A SAURARA BA

Ana cikin wannan zumuɗi, a 1994, injiniyoyi huɗu na Sun, wato Jim Waldo, Geoff Wyant, Ann Wollrath da Sam Kendall, suka rubuta wata 'yar maƙala suna jan kunne. Suka ce duk ƙwarewar wakili, kuskure ne a sa injiniya ya manta cewa kiran nan na nesa ne. Na farko, kiran nesa ya fi na gida jinkiri nesa ba kusa ba. Na biyu, wanda ya fi muni, yana iya lalacewa rabi da rabi.

Ga abin da ake nufi. Ka aiki yaro Kurfi da kuɗi ya kai wa wani, har dare shiru. Ko dai bai isa ba. Ko ya isa bai tarar da mutumin ba. Ko ya ba shi kuɗin lafiya lau, a hanyar dawowa ce babur ya lalace. Kai da ke zaune a gida, duka ukun kamarsu ɗaya: shiru. Idan ka yi gaggawar sake aika wani da kuɗi, wataƙila ka biya sau biyu. A shekarun nan dai wani injiniyan Sun, Peter Deutsch, ya jera zato marasa tushe da masu gina irin wannan tsari ke yi, na farkonsu shi ne zaton netwok ba ya yankewa.

A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

1998: ZAMANIN EJB DA TARIN TAKARDU

Yaren Java ya fito a 1995. A 1997 aka sa masa nasa tsarin kiran nesa, RMI, da manhajar rubuta wakilai mai suna rmic. A 1998 kuma Sun ta fitar da Enterprise JavaBeans, EJB a taƙaice, don manyan ma'aikatu irin bankuna da kamfanonin inshora.

Tunanin mai kyau ne. A raba aikin kamfani gida-gida: ɓangaren asusu, ɓangaren albashi, ɓangaren bashi. A zuba su cikin wata babbar saba, ita ta ɗauki nauyin tsaro da tabbatar da cewa idan an cire kuɗi a nan to an saka a can, ko kuma a fasa duka. Injiniya shi dai ya rubuta dokar kasuwancin kawai.

A aikace fa sai abin ya zama jidali. Don ɓangare ɗaya, sai ka rubuta fayil na ainihin aikin. Ka rubuta na biyu mai jera ayyukan da na nesa zai iya kira. Ka rubuta na uku mai bayanin yadda za a nemo ɓangaren ko a ƙirƙire shi. Ka rubuta na huɗu da XML kana yi wa sabar bayanin ukun farko. Sannan kowace saba, WebLogic ce ko WebSphere ko JBoss, tana da nata ƙarin fayil. Abu ɗaya kake maimaitawa a wuri huɗu ko biyar. A ce kamfani na da ɓangarori 200, lissafa ka gani.

Abin haushin, idan ka canza sunan aiki a fayil na farko ka manta na biyu, sau da yawa ba za a gane ba sai an ɗora manhajar a saba ta ƙi tashi. Wato an samu na'ura mai rubuta wakilai, amma ita kanta takardar yarjejeniyar ta zama kaya.

Gargaɗin 1994 ma bai daɗe ba ya tabbata. Da yake kiran nesa ya yi kama da na gida, sai injiniyoyi suka riƙa aika ɗan aike don suna, a sake aika shi don adireshi, a sake don lambar waya, maimakon a haɗa a tafi sau ɗaya. Manhajoji suka yi nauyi. A 2001 EJB 2.0 ta ƙara hanyar kiran gida ga ɓangarorin da ke saba ɗaya. An rage jinkiri, amma an ƙara fayil biyu a kan na da.

2000: XDOCLET

Mafita ta zo ne daga masu rubuta manhaja kyauta. A 2000 wani ɗan ƙasar Suwidin, Rickard Öberg, ya fara wata manhaja mai suna EJBDoclet, wadda daga baya aka faɗaɗa ta koma XDoclet. Tambayar da ta amsa ita ce: tunda duk bayanin yana cikin fayil na farko, me zai sa mutum ya sake kwafe shi da hannu?

Da XDoclet fayil ɗaya kake rubutawa. A saman duk aikin da kake so na nesa ya iya kira, sai ka sa 'yar alama a wurin sharhi, kamar @ejb.interface-method. Lokacin haɗa manhaja, XDoclet ta bi fayil ɗin tana tsintar alamomi, ta rubuta sauran fayilolin duka, har da na sabar da ka zaɓa. Lupine daga yarjejeniya take fitar da wakilai. XDoclet ta ƙara taki ɗaya baya, ita yarjejeniyar ma ta fitar da ita daga aikin.

Masu amfani da ita suna da doka ɗaya da ba a karyawa: kada ka gyara fayil ɗin da na'ura ta rubuta, don gobe za ta sake rubuta shi ta shafe gyaranka. Gyara a tushe ake yi. Rauninta kuma shi ne alamomin a cikin sharhi suke, wurin da Java ba ta dubawa, harafi ɗaya ya kuskure sai a yi ta lalube.

A 2004 Java 5 ta shigar da irin waɗannan alamomi cikin yaren kansa. A 2006 EJB 3.0 ta zo, alamar @Remote ta wadatar, aka daina tilasta yawancin fayilolin nan. Daga nan aka daina jin ɗuriyar XDoclet, don abin da ta zo yi ya riga ya shiga cikin Java. Ita ma rmic an cire ta gaba ɗaya a Java 15, a 2020.

DAGA NAN ZUWA WAYARKA

Da intanet ta game duniya, sai aka koma aika saƙonnin ta hanyar da shafukan yanar gizo ke bi. SOAP ta yi ƙarfi daga 2000, takardar yarjejeniyarta WSDL ta biyo baya. Kamfani ya miƙa wa abokin hulɗarsa fayil ɗaya, shi kuma ya zuba shi a manhaja irin WSDL2Java, wakili ya fito. Facebook ta saki Thrift a 2007. Google ta saki Protocol Buffers a 2008, da gRPC a 2015. Swagger ta fito a 2011, ita ce ta zama OpenAPI da ake yayi yanzu.

Kai ko a cikin wayar Android da ke hannunka abin yana nan. An killace kowace manhaja a nata ɗakin, ba ta taɓa kayan wata kai tsaye. Idan manhajar taswira na son sanin inda kake, sai ta aika wa ɓangaren wayar da ke kula da wannan. Yarjejeniyar da ke tsakaninsu da AIDL ake rubuta ta, na'ura ta fitar da wakilan biyu, kamar dai yadda Lupine ta yi.

YADDA ABIN YA ISO GIDA

An yi wa NIBSS rajista a 1993, mallakar Babban Bankin Najeriya ce da bankunan ƙasar. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, Interswitch ta fara a 2002. A ƙarshen 2005 aka haɗe bankuna 89 suka koma 25, kowanne da irin babbar manhajar da yake aiki da ita, wasu Finacle, wasu Flexcube, wasu wata daban. Matsalar da CORBA ta so magancewa ke nan, ta zo har gida.

A 2011 aka koma lambar akawun mai lamba 10, NUBAN, kuma a shekarar NIBSS ta ƙaddamar da NIP, tsarin tura kuɗi nan take. An gina shi kan saƙonnin XML irin na SOAP. Yarjejeniya ɗaya ce, kowane banki ya haɗa nasa wakilin a kanta. Cikin ayyukan da ta jera akwai tambayar suna, wadda muka fara da ita. Akwai tura kuɗi. Akwai kuma wani na uku da mutane ba su cika sani ba: tambayar matsayin ciniki. Idan bankinka ya tura kuɗi ya ji shiru, ba ya sake turawa, sai ya aika wani ɗan aiken ya tambayo ko na farkon ya isa. An tanadi wannan ne saboda matsalar yaron da aka aika Kurfi.

Mutanen wannan yanki kuwa ba sai an karanta musu maƙalar 1994 ba. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Kurfi da Dutsin-Ma, sai a Disamba aka fara buɗewa. Kwamfutocin bankuna suna nan lafiya, wakilai suna nan, kuɗinka na asusu, amma POS ta zama kwalliya, sai mutum ya yi tafiya neman inda sabis yake. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, hanya a buɗe take amma ta cushe. Kowa ya koma tiransifa a lokaci ɗaya, aka yi ta ganin an cire kuɗi a nan, can kuma bai shiga ba.

Na'ura ta ɗauke wa injiniya wahalar rubuta wakilai, kuma ta rage kuskure ƙwarai. Hanyar da ke tsakanin Rawayau da kwamfutar banki ce babu manhajar da ta iya rubuta ta.

TO ME ZA KA YI DA WANNAN?

1. Idan ka tura kuɗi manhaja ta tsaya tana juyi, ko ta ce ana kan aiki, kada ka sake turawa. Shiru ba ya nufin bai tafi ba. Duba abin da ya rage a asusunka da jerin cinikinka tukuna.

2. Mai karɓa ma ya duba asusunsa, kada ya dogara da alat na tes. Shi alat wani ɗan aike ne daban, yana iya makara ko ya ɓace, kuma 'yan damfara na ƙirƙirar na bogi.

3. Ajiye rasit. Tiransifa tsakanin bankuna tana da doguwar lambar shaida mai lamba 30, da ita ake bin sawun kuɗin. A wurin mai POS ma karɓi takardarka ko da ta nuna an ƙi.

4. Karanta sunan da ya fito kafin ka sa lambar sirri. Kwamfutoci huɗu suka yi aiki don su nuna maka shi.

5. Idan manhajar banki ta nemi a sabunta ta, sabunta daga Play Store ko App Store kawai. Wani lokaci yarjejeniyar ce aka canza, tsohon wakilin da ke wayarka ya daina jin yaren na can.

6. Idan an cire kuɗi bai dawo ba, fara kai ƙorafi bankinka. A 2020 Babban Banki ya ba bankuna awa 72 su warware irin wannan a cinikin POS. Idan sun yi biris, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Ɗalibanmu masu karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da sauran makarantu, ga aikin gwaji: ku rubuta 'yar yarjejeniya mai aiki ɗaya da Protocol Buffers, ku fitar da wakilan, ku haɗa kwamfuta biyu su yi magana. Idan ta yi aiki, ku kashe netwok ana tsakiyar kira ku ga abin da manhajarku za ta yi.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.